Shimfiɗa babu baƙo: sharhi a kan yadda muke koyar da gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa zama da tulin takardun ƴan makaranta a cikin zafin bazara, a nan Filinge ko a wani gari na Kurfai, ya san abin da zan faɗa. Kana buɗe takarda ta farko sai ka tarar yaro ya fara da cewa tun da aka halicci duniya ɗan Adam yake fama da matsaloli iri-iri. Ka buɗe ta biyu, ita ma tun fil azal ta faro. Ta uku ta ɗan sauya, ta ce a wannan zamani namu duniya tana fuskantar ƙalubale masu yawa. Kafin ka kai ta goma ka daina karanta layukan farko, idonka yana tsallakewa da kansa zuwa inda aka maimaita tambayar da ka bayar. Tambayar kuwa tana iya zama a kan ci-rani, ko auren wuri, ko saran itatuwa, duk ɗaya ne: ƙofar da aka shigo ta cikinta ba ta canjawa.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan yaran, ina cewa ba su karatu, ba su da kalmomi. Abin da ya sa na sake tunani shi ne, ni nake koyar da su Faransanci, ni ne kuma nake yi musu darasin Hausa. Na ɗauka in aka sakar musu harshensu za su sake jiki. Da na ba su aikin kare ra'ayi da Hausa, sai ga jimlar nan ta « De tout temps » ta dawo mini sanye da rigar Hausa, ba abin da ya ragu a jikinta. Ashe ba ƙarancin kalmomi ba ne. Abin da muka koya musu ne suke mayar mana, kuma sun riƙe shi da kyau.

Bari in tuna wa mai karatu abin da muke koyarwa, tun daga aji na uku na koleji har zuwa shekarar bak. Muna cewa gabatarwa tana da matakai: a fara da jimla mai faɗi wadda za ta jawo batu, sa'an nan a ajiye batun kamar yadda aka bayar da shi, sa'an nan a fito da matsalar da ke cikinsa ta hanyar tambaya, daga ƙarshe a sanar da sassan da za a bi. Muna zana mazurari a allo, bakinsa mai faɗi a sama, tsukakken a ƙasa, mu ce haka tunani yake gangarowa. Muna kuma gargaɗinsu da kada su kuskura su faɗi ra'ayinsu a nan, su adana shi sai ƙarshe. Ni ma haka aka koya mini, haka na ci jarrabawa, haka na shekara da shekaru ina rubutawa a allo.

Ba zan yi wa wannan tsari butulci ba. Yana hana yaro fita daga batu, yana tilasta masa ya san inda za shi kafin ya kama hanya, yana kuma sauƙaƙa wa mai gyara aiki, domin ya san abin da yake nema da inda zai same shi. Mataki na uku, wato fito da matsala, horo ne na gaske ga hankali, kuma wanda ya iya shi ya iya abu mai amfani. Amma akwai wata tambaya da tsarin bai taɓa yi wa ɗalibi ba, alhali kuwa ita ce uwar tambayoyi ga duk mai son shawo kan wani: da wa kake magana? Mazurarin nan yana nuna inda ruwa zai bi, bai damu da tulun da za a zuba a ciki ba. Yaro yana rubuta wa wanda bai sani ba, wanda ba ya musun kome, ba ya kuma bukatar kome, sai dai ya ba da maki. To, wanda ba ya musu, me za a shawo kansa a kai? Shi ya sa jimlar farko take fitowa fanko. An ce da yaro ya shimfiɗa tabarma, ba a gaya masa ko wane ne baƙon ba, sai ya ɗauko wadda ta fi kowace faɗi ya baza.

Abin lura shi ne, a can inda tsarin ya fito, ba haka ya faro ba. Sisero, mashahurin mai jawabin nan na Rum wanda ya rayu a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana cewa aikin mabuɗin jawabi shi ne ya shirya mai sauraro ta fuska uku: ya sa ya karkato da kunne, ya sa ya iya bin maganar, ya kuma sa zuciyarsa ta yi taushi ga mai magana. Ya ƙara da cewa hanyar shiga biyu ce. In al'amarinka mai kyau ne a idon jama'a, shiga kai tsaye. In kuwa ka san zukata sun riga sun juya maka baya, sai ka bi ta gefe, ka lallaɓa, har a saurare ka kafin a farga. Dukan wannan bayani a kan mai sauraro aka gina shi. Makarantun Faransa sun daɗe suna horar da yara a kan rubuta jawabi, ana cewa ɗalibi ya sa kansa a matsayin wani sarki ko jarumi yana magana da wasu mutane sanannu. A 1880 aka cire jawabin Latin daga jarrabawar bak aka maye gurbinsa da rubutun Faransanci, a 1902 kuma aka daina kiran ajin kusa da ƙarshe da sunan ajin fasahar magana. Sannu a hankali rubutun nazari, wanda ba ya fuskantar kowa, ya gaje wurin. Shi ne ya iso mana ta hannun makarantar mulkin mallaka, muka riƙe shi bayan 1960. Mun gaji kwanson, an bar ƙwayar a baya.

Yanzu mu fita daga aji mu shiga gari, domin yaron nan da ya kasa jimla ɗaya mai rai a takarda, a cikin masu iya buɗe magana ya tashi.

A ɗauki biko. Mace ta yi yaji ta koma gidan iyayenta, miji ya tura dattijo ya je ya dawo da ita. Dattijon nan ya san sarai cewa gidan da zai shiga a fusace yake, kuma wanda ya aiko shi ne mai laifi. Bayan sallama da gaisuwa, ba ya farawa da cewa aure abu ne mai muhimmanci a rayuwar ɗan Adam. In ya faɗi haka, dariya za a yi masa, ko a ce ya zo da raini. Ba ya kuma farawa da cewa ya zo ɗaukar yarinya. Yakan fara da abin da shi da uban yarinyar ba su da saɓani a kai: zumuncin da ke tsakanin gidajen biyu tun zamanin kakanni, ko wata rana ta wuya da suka tsaya wa juna. Daga nan ya amsa laifi tun ba a ɗora masa ba, ya ce yaronmu bai kyauta ba, mu ma ranmu ya ɓaci. Da ya faɗi haka ya zare wa mai gida makamin da ya tanada, domin ba a jayayya da wanda ya riga ka faɗin ƙorafinka. Sai a lokacin ne zai sanar da abin da ke tafe da shi, a taƙaice, cikin kalmomin da suka bar wa uban yarinya girmansa: mun zo roƙo ne, hukunci yana hannunka. Duk wannan bai wuce ɗan lokaci kaɗan ba, ba a kuma shiga hujjoji ba tukuna. Gabatarwa ce cikakkiya. Ita ce hanyar gefe da Sisero ya siffanta, a bakin mutumin da bai taɓa jin sunan Sisero ba.

A kwatanta da manomin da shanu suka shiga gonarsa a cikin dallol kafin a saki gonaki, ya kai ƙara gaban maigari. Shi gaskiyarsa a fili take, ba ya bukatar kewaye. Ran maigari ya daɗe, daren jiya shanun wane sun kwana a cikin hatsina, ga waɗanda suka gani, na zo a bi mini hakkina. Jimla uku, an san wanda ake magana da shi, an san abin da ya faru, an san abin da ake nema. Makiyayin da zai amsa kuwa, in mai wayo ne, ta wata ƙofar zai shigo: zai fara da burtalin da aka cinye da noma har dabba ba ta da hanyar zuwa rijiya. Bai musanta ɓarna ba, amma ya sauya tambayar da ke gaban maigari, daga « wa ya yi ɓarna? » zuwa « wa ya fara toshe hanya? ». Wannan shi ne ainihin fito da matsala, abin da muke shan wahalar fahimtar da ƴan lise a cikin wata uku. Ko dillalin shanu a ranar kasuwa, dubi yadda yake buɗe baki: kalmar da zai fara yi wa mahauci daban, wadda zai yi wa mai neman saniyar tatsa irin ta Azawak daban.

Malamanmu na zaure ma suna da wannan ilimi a rubuce. A ƙarshen littafin Talkhisul Miftahi na Alƙazwini, wanda ya rasu a 1338, an ambaci wurare uku da ya kamata mai magana ya ƙawata: farawa, da ƙetarawa zuwa manufa, da rufewa. Aka ce mafi kyawun farawa ita ce wadda ta dace da abin da ake nufi, har mai sauraro ya hango batun tun daga kalmomin farko. Suna kiranta bara'atul istihlali. Assuyuɗi ya mayar da littafin waƙe a cikin Uƙudul Jumani, wanda masu zurfin karatu a ƙasar Hausa suka sani. Duk wanda ya saba sauraron huɗubar Juma'a ya ga abin a aikace: tun daga ayar da liman ya zaɓa ya buɗe da ita, dattawan sahun gaba sun gane ko yau a kan bashi za a yi magana ko a kan zumunci. Jimlar « tun da aka halicci duniya » kishiyar wannan ce, domin tana dacewa da kowane batu, saboda haka ba ta nuna ko ɗaya.

A nan ne zan saɓa da wasu abokaina na ƙungiyoyin raya al'adu, kuma ina roƙon su yi mini haƙuri. Sau da yawa in aka kawo wannan koke a taro, maganin da ake bayarwa shi ne: a koya wa yara su buɗe da karin magana, su yi sallama irin tamu, rubutu zai yi armashi. Na gwada. Sakamakon shi ne na sami tulin takardu da suka fara da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ko batun na ci-rani ne ko na tsabtar gari. An cire wata jimla fanko an sa wata, sai dai wannan ta gida ce. Dalilin kuwa a bayyane yake ga wanda ya lura da yadda manya suke amfani da karin magana. Ba safai dattijo yake buɗe zance da ita ba. Yakan bari sai an baje al'amari, kowa ya ga yadda yake, sa'an nan ya ɗauko ta ya ɗaure bakin zancen. Nauyinta daga abin da ya gabace ta yake fitowa. In aka sa ta a farko, ba ta da abin da za ta ɗaure. Balle ma a al'adarmu yaro ya tari babba da karin magana tun bai ce kome ba, ai ba a kiran wannan iya magana.

Doguwar gaisuwa ma haka take. Tana da rai a zaure domin ana amsawa. Kana tambayar gida da gajiya da sanyi, kana sauraron muryar mai amsawa, kana auna ko yau ranar kawo bukata ce ko a bari sai gobe. Takarda ba ta amsa gaisuwa. Maƙwabtanmu na Nijeriya suna da irin tasu matsalar ta wannan fuska: ɗalibin da aka horar da muhawarar makaranta yakan buɗe rubutunsa da gaida shugaban zama da alƙalai da mai kula da lokaci, alhali yana zaune shi kaɗai a ɗakin jarrabawa. Sai dai shi aƙalla yakan faɗi ɓangaren da yake goyon baya tun a sakin layi na farko, abin da mu muka haramta wa namu. Abin da ya cancanci a ɗauko daga zaure zuwa aji shi ne lissafin da mai biko yake yi a zuciyarsa kafin ya yi sallama: wa zan tarar, me ya riga ya yarda da shi, me yake tsoro, me nake so ya yi in na gama. Kalmomin da kansu suna iya zama a zaure.

Ga abin da na koma yi, ba don ina ganin na gano wani sirri ba. Ba na ƙara ba da batu tsirara. In batun ci-rani ne, wanda babu gidan da bai taɓa ba a ƙasar nan, tun masu tafiya Gana da Kodibuwa a da har masu nufar Libiya da Aljeriya, sai in raba aji biyu. Rabi su rubuta wa uba wanda ya ƙudura cewa ɗansa zai bar koleji ya bi ƴan'uwansa bayan girbi, su roƙe shi ya bar yaron ya ƙare. Rabi su rubuta wa saurayin da kansa, wanda shi ne yake ɗokin tafiya. Kafin kowa ya taɓa gabatarwa, sai ya rubuta jimla ɗaya a gefen takarda, wadda ba za ta shiga cikin aikin ba: ina so wane ya yarda cewa kaza. Wanda ya kasa cika wannan jimla bai shirya rubutu ba, ko da ya haddace matakai huɗu. Sa'an nan in ce su rubuta mini hujja mafi ƙarfi ta wanda za su yi wa magana, ba tasu ba. Nan ne ake jin aji ya yi tsit, domin yawancinsu sun san hujjar uban: rumbu ba ya kai wa damina, kuma kuɗin da ake aikowa daga waje su ne suke cike giɓin.

Mai rubuta wa uba, in ya fahimci aikin, zai fara da wani abu mai kama da haka: « Baba, hatsin da muka girbe bana ba zai kai mu watan bakwai ba, kuma na san kuɗin da yaya yake aikowa ne suka riƙe gidan nan bara. Ban zo musun wannan ba. Abin da nake roƙo a duba shi ne, ko shekara biyu da suka rage wa ƙanena a makaranta sun fi tsada, ko kuwa shekara talatin da zai yi yana dako a garin mutane. » Mai rubuta wa saurayi kuwa ba zai fara da rumbu ba, domin ba rumbu ne yake damun saurayi ba. Zai fara da babur da waya da sabuwar shadda da ake dawowa da su gab da damina, ya amsa cewa suna da kyau, sa'an nan ya tambaya: su nawa ne suka tafi tare, su nawa suka dawo da babur? Batu ɗaya, gabatarwa biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan. Da an karanta su a jere a gaban aji, ba sai na yi dogon bayani ba.

A lura kuma, misalin farko ya cika sharuɗɗan jarrabawa ba tare da ya nema ba. Ya jawo batu, ya ajiye shi, ya fito da matsala a cikin tambayar da ke da ɓangare biyu na gaske, har ya nuna hanyar da za a bi. Bambancin kawai shi ne ya faro daga ƙasa, daga rumbun wani gida, maimakon daga halittar duniya. Ina kuma hana su rubuta gabatarwa da farko. Sai an gama jera hujjoji a takardar gwaji, an san inda aka dosa, sa'an nan a dawo a yi ƙofa. Magini ma sai ya san inda ɗaki zai fuskanta yake yanke ƙofarsa. Daga ƙarshe mai rubutu ya tashi ya karanta layukansa na farko da ƙarfi, wani ɗalibi ya zauna a matsayin uban. In uban ya ce « ina jin ka », an wuce. In ya ce « to, sai me? », a koma a sake. Yara sun fi ni tsanani a wannan hukunci, kuma ba a cika jayayya da shi ba.

Akwai wahaloli, bai kamata in ɓoye su ba. Ta farko jarrabawa ce. Mai gyaran BEPC ko bak yana da ma'aunin da aka ba shi, yana neman matakansa a jere, kuma batutuwan da ake bayarwa ba su cika ambaton wanda ake yi wa magana ba. Ba ni da ikon in jefa yaran mutane cikin hasara saboda ra'ayina. Don haka a watannin ƙarshe nakan koma ga mazurari, in ce musu ga rigar da za ku sa ranar jarrabawa. Abin da na lura shi ne wanda ya saba rubuta wa mutum sananne, ko an ba shi batu tsirara yakan ƙirƙiro mai musu a zuciyarsa, sai tambayarsa ta fito da haƙora. Wanda bai saba ba kuwa yakan ɗauki batun ya liƙa masa alamar tambaya a ƙarshe, ya ce ya fito da matsala.

Ta biyu ta fi zurfi, ita ce kunya. Mun tashi a inda yaro ba ya tsayawa gaban babba ya ce ni ga ra'ayina, balle yarinya. Na sha ganin ɗaliba mai kaifin hankali, wadda ta fi kowa hujja a kan auren wuri domin abin yana jiran ta a gida, amma ta cika shafi guda tana kewaye, ta kasa rubuta jimlar da ke cewa ga abin da nake so. Tsarin da muka gada yana ba irin wannan ɗaliba mafaka, tunda ya ce kada a faɗi ra'ayi, sai ta ɓuya a bayan « wasu suna ganin » da « wasu kuma suna cewa » har takarda ta ƙare. Ba na ganin maganin shi ne a koya mata tsaurin ido. Hausa tana da hanyoyin da ƙarami yake faɗa wa babba gaskiya ba tare da ya zubar da ladabi ba: a gafarce ni, ba don na fi ku sani ba, abin da idona ya gani ke nan, in na yi kuskure a gyara mini. Mai biko ma da irinsu yake aiki. Waɗannan kalmomi ba ado ba ne, su ne suke ba mai rauni damar ya yi magana a saurare shi. Ya kamata a koyar da su a matsayin kayan aiki, a kuma nuna wa yaro cewa bayan ya faɗe su dole ne maganar ta biyo baya. Ladabin da ba a ɗora kome a kansa ba, shi ma wata jimla ce fanko.

Ta uku kowa ya san ta: yawan ɗalibai a aji, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya rufe makarantunsu a wasu sassan jihar Tilaberi a shekarun nan, suka zo suka ƙaru a kan na gari. Ba kowane mako ake iya sa kowa ya tashi ya karanta ba. Nakan ɗauki biyar ko shida, sauran su yi hukunci.

Abin da ya sa na ga maganar ta wuce ta aji ɗaya shi ne halin da harshen yake ciki yanzu. Tun 1964 Abdu Mumuni ya yi kira, a cikin littafinsa kan ilimi a Afirka, da a koyar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, aka daidaita ƙa'idojin rubutunsu a 1999, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa goma. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, kuma na san a jiharmu, inda Zabarmawa da Fulani da Buzaye suke zaune tare da mu, ra'ayoyi sun bambanta, abu ɗaya tabbas ne: za a bukaci littattafan koyar da rubutun Hausa na koleji da lise, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla ne za a kira su rubuta su. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko babin gabatarwa na littafin Faransanci, a nema wa kowane mataki suna da Hausa, a zana mazurari, a ce an gama. In aka yi haka, jikokinmu za su riƙa rubuta « tun da aka halicci duniya » da ingantacciyar Hausa mai ƙugiya a kan kowane harafi, kuma a wannan karo ba mu da baƙon da za mu ɗora wa laifi.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu, da ma cibiyar INDRAP da ta daɗe tana shirya littattafan makaranta, ƙarama ce, ba ta bukatar kuɗi masu yawa. Mun yi ƙoƙari wajen tattara tatsuniyoyi da kirarin ƴan kokowa da waƙoƙin daka, amma ba mu cika kula da maganar da ake yi don a shawo kan wani ba, wataƙila domin ba ta da kiɗa. A nemi izinin dattawa a Filinge da Shikal da Luma da Tunfalis, a ɗauki muryarsu da waya lokacin da suke sasanta rikicin gona, ko neman aure, ko roƙon a ɗaga wa wani bashi. A cire sunaye, a rubuta mintin farko kawai na kowace magana, da Kurfayancinta yadda aka faɗe ta. A ƙarƙashin kowace a sa tambayoyi uku ga ɗalibi: da wa ake magana, me ya riga ya yarda da shi, a wace jimla ce bukata ta fito. Guda ashirin sun isa babi. Ni na fara da biyu, na wani kawuna da ya je biko a kaka ta bara, da na wata tsohuwa da ta je karɓo wa jikarta izinin komawa makaranta. Ta tsohuwar ta fi wuyar rubutawa, domin ta yi shiru mai tsawo bayan gaisuwa kafin ta ce kome, kuma har yanzu ina neman yadda zan nuna wannan shirun a takarda.